Satifiket ɗin Kwamfuta: Wanne ke Kai Mutum ga Aiki, Wanne ke Cinye Kuɗi?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan satifiket ɗin kwamfuta suka taru, sai na haɗa su wuri guda.

Wani matashi daga Zariya ya ce ya gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu yana zaune. Abokansa sun ce ya yi CCNA, wato satifiket na haɗa kwamfutoci su riƙa aiki tare (netwok). Ko zai samar masa aiki?

Ƙanena, CCNA shi kaɗai ba ya ɗaukar kowa aiki. Amfaninsa shi ne idan takardun neman aiki sun yi tsibi a banki ko kamfanin sadarwa, mai tacewa ya ga taka ya tsaya, a kira ka ganawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma daga nan aikinsa ya ƙare. Ranar ganawa abin da ka iya za a tambaye ka. Jarrabawar ta kamfanin Cisco ce, lambarta 200-301, kuɗinta dala 300, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. Ka san yadda dala ta koma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ka buga lissafin da kanka. In ka faɗi, sai ka sake biya daga farko. Don haka kada ka yi rajista yanzu. Manhajar Packet Tracer kyauta Cisco ke ba da ita, ka sauke ka riƙa haɗa netwok a cikinta har hannunka ya faɗa. Sannan ka nemi masu jan kebul da kafa intanet a makarantu da otal-otal, ka bi su kana riƙe musu tsani ko da kuɗin mota kawai za su ba ka. Bayan wata huɗu ko biyar sai ka biya kuɗin jarrabawar.

Wata uwa daga Kano ta rubuto cikin damuwa. Ta kwashe kuɗin adashenta ta biya wa ɗanta kwas na mako shida a wata cibiya da ta ce tana ba da satifiket na ƙasa da ƙasa. Yaron ya kai takardar wurin neman aiki, aka ce masa ba su san ta ba. Tana tambaya ko an cuce ta.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, laifin ba naki ba ne, domin da gangan ake rikita wa iyaye wannan magana. Takardu iri biyu ne. Akwai wadda cibiya ke bugawa da kanta, tana shaida cewa yaro ya halarci darasi a wurinta. Akwai kuma wadda kamfani irin Cisco ko CompTIA ko Microsoft ko Amazon ke bayarwa bayan mutum ya zauna jarrabawarsa ya ci. Ta farko ba haramun ba ce, in an kira ta da sunanta. Cutar tana shigowa ne lokacin da aka sauko da tambarin kamfanin waje daga intanet, aka manna a saman takarda mai kauri, aka buga hatimi mai ruwan zinare, aka naɗe ta da leda, aka ce wa uwa wannan har Dubai ana karɓarta.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka shiga irin waɗannan wurare ka tarar da ɗalibai ashirin a kan kwamfuta biyar, biyu daga ciki ba sa tashi. An ɗauke wuta, janareta ba mai, malami na tsaye yana karanto bayani yara suna kwafa a littafi. A haka za a gama kwas ɗin netwok yaro bai taɓa matse kan kebul ba. Ranar yaye ɗalibai kuwa a sa su hayar riga da hula, a ɗauki hoto, a karɓi kuɗin hoton ma. Kuɗin nan na adashe ne, na akuyar da aka sayar ne, na giratutin uba ne. Ba duka cibiyoyi ne haka ba, akwai masu koyarwa tsakani da Allah, amma masu kirkin ba sa jin haushin tambaya.

To ga abin da za a tambaya kafin a saki ko sisi. Wane kamfani ne ke da jarrabawar, kuma mene ne lambarta? Kuɗin da aka yanka na koyarwa ne kawai ko har da na jarrabawa? A ina za a zauna ta? Jarrabawar waɗannan manyan kamfanoni ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake yin ta, ko a cibiyar da suka amince da ita ko a gida ƙarƙashin idon kyamara, kuma sai an nuna katin shaida mai hoto. Sakamakon yana shiga asusun ɗalibi a shafin kamfanin, inda mai ɗaukar aiki zai iya tabbatar da shi. Duk wanda ya ce zai ba da CCNA har da koyarwa a kan naira dubu hamsin, alhali jarrabawar kaɗai dala 300 ce, ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Sannan yaro ya buɗe asusun da imel ɗinsa, da sunansa kamar yadda yake a katin shaidarsa. Kada ya yarda cibiya ta buɗe masa da nata imel ɗin ta riƙe lambar sirri.

Ke kuwa Hajiya, ki sa shi ya zauna gabanki ya nuna miki abin da ya koya. In ya iya sa wa kwamfuta Windows, ya haɗa ta da firinta, ya gano abin da ya hana ta tashi, kuɗinki bai tafi a banza ba. Ki kai shi wurin mai gyara a Beirut Road ko Farm Centre ya yi wata shida yana koyo. Kada ki ƙara biyan wani kwas bana.

Wani da bai faɗi garinsu ba ya ce an haɗa shi da mai rubuta wa mutane jarrabawa daga nesa, ko kuma ya sayi tambayoyin sata da ake kira damps. Wanne ya fi?

Malam, wannan ba tambayar da za a kawo mini ba ce. Duka biyun ha'inci ne, kuma kamfanonin suna soke takarda su hana mutum sake zama idan sun gano. In ma ba su gano ba, ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da netwok ɗin ofis ya tsaya, kowa ya zuba maka ido, wanda ya rubuta maka ba ya nan.

Wata ɗaliba daga Gombe tana son koyon gina shafukan intanet, amma ba ta da kuɗin satifiket, har ta fara tunanin haƙura.

'Yata, kada ki haƙura. A fanninki takarda ba ta da nauyin da take da shi a netwok ko tsaron kwamfuta. Masu ɗaukar marubuta manhaja aikin hannu suke son gani. Darussan shafin freeCodeCamp kyauta ne, shirin horar da matasa fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 shi ma ba a biya, ki sa ido kan lokacin rajistarsa. Ki gina wa makarantar Islamiyyar unguwarku ko shagon ɗinkin yayarki shafi mai aiki, ki ajiye ayyukanki a GitHub, shafin da marubuta manhaja ke baje kolin aikinsu. Ɗan abin da ke hannunki ya tafi a data da laftof mai lafiya, ko da na hannu ne.

Na ƙarshe, wani daga Sakkwato yana son aikin gwamnati, yana tunanin barin jami'a a aji biyu ya tara satifiket, har ya ambaci CISSP, wani babban satifiket na tsaron kwamfuta.

Kul, ɗana. Gwamnati digiri ko babbar difloma da takardar bautar ƙasa take dubawa, da digirin ne ake fara mutum a matakin albashi na 8, kuma babu satifiket ɗin kamfani da ke maye gurbinsa. CISSP kuwa sai mai shekara biyar a bakin aikin tsaron kwamfuta ake ba cikakkiyarsa. Ka gama karatunka. In kana son ƙari a lokacin hutu, jarrabawar farko ta AWS, sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet, dala 100 ce, ita ma sai ka tabbatar fannin kake so kafin ka biya.