Hukuncin Jawo Wa Ɓera Shanyewar Ɓarin Jiki Don Gwajin Magani

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin harhaɗa magunguna. Mukan sa ɓera barci, mu zura siririn zare mu toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwarsa, sannan mu ba shi maganin da ake fatan zai rage lalacewar ƙwaƙwalwar. Idan ya farfaɗo na ga yana ta kewaya gefe ɗaya, sai jikina ya yi sanyi. Ina da zunubi?

Amsa: 'Yata, asalin aikin halas ne. Allah Ya halitta mana abin da ke bayan ƙasa gaba ɗaya (Baƙara: 29), kuma Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Tun da an halatta yanka rago don ci, gwaji a kan ɓera don ceton ƙwaƙwalwar mutum ya fi cancanta.

Amma kada wani ya ce ai ɓera yana cikin fasiƙan dabbobin da aka yarda a kashe ko a Harami. Izinin kisa daban, izinin azabtarwa daban. Hadisin Shaddad bin Aus a Muslim ya wajabta kyautatawa har wajen kisa. Don haka maganin barci ya kama shi sosai kafin a taɓa shi, a ba shi na rage zafi bayan aiki, kada a ƙara ko ɓera ɗaya a kan buƙata.

Akwai sharaɗin da ɗalibai ke mantawa, kuma shi na fi ji miki tsoro. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada a kan shanyewar ɓarin jiki, galibinsu ba su kai ga majinyaci ba. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi aiki a ɓeraye da birai, amma gwajin mutane sama da 3,000 da aka wallafa a 2007 ya nuna bai amfana musu komai ba. Abin da ya halatta wahalar ɓeran nan shi ne ilimi na gaskiya. Kika ɓoye waɗanda suka mutu, ko kika gyara alƙaluma don digiri ya fito, uzurin ya faɗi, kin haɗa zalunci da ha'inci.

Kuma kada ki sa wa mai jinya rai da maganin da bai wuce ɓera ba. Wanda bakinsa ya karkace a garzaya da shi asibiti, domin allurar narkar da gudan jini tana da iyakar awa 4 da rabi daga fara ciwon. Wallahu a'alam.