Ku Tambayi Malam: Mu Bakwai Ne a Gurup, Amma Mu Biyu Ke Aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata kwalejin ilimi, ina NCE a sashen koyar da aikin gona. A kwas ɗin fasahar koyarwa, lakcaranmu ya raba mu gurup-gurup, ya ce kowane gurup ya tsara kayan horaswa a kan wani abu da zai amfani jama'a. Mu bakwai ne, mun zaɓi koya wa manoma yadda ake adana wake a buhun PICS, wato buhu mai ledoji biyu a ciki da ke hana iska shiga, ba tare da magani ba. Sati shida aka ba mu, uku sun wuce. Mun raba aikin shafi-shafi, kowa zai kawo huɗu. Mutum biyu sun kawo abin da suka kwaso daga intanet, da Turancin da ni kaina ban gane ba. Ɗaya ya kafe sai an yi PowerPoint mai rubutu yana tsalle. Biyu kuma ko sallama ba sa amsawa a gurup ɗinmu na WhatsApp. Ni da ƙawata muke ta fama, kuma maki ɗaya za a ba mu duka. Malam, in zauna in yi abina in sa sunayensu, ko in kai ƙara wajen lakcara? Daga 'yarka, wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki dakata da duka biyun tukuna. In kika yi ke kaɗai, za ki galabaita, aikin ya fito ɗanye, waɗanda suka kwanta kuma su ci guminki. In kika kai ƙara yau, abin da lakcaran zai fara tambayarki shi ne: wane aiki aka ba wane bai yi ba? Amsar da kike da ita "shafi huɗu", kuma shafi huɗu ba aiki ba ne da za a kama mutum da shi. Wanda ya kwaso daga intanet ma ai ya cika huɗunsa.

Na karanta wasiƙarki da kyau. Kin ambaci ɗalibai bakwai, da lakcara, da PowerPoint, da WhatsApp. Manomi ko ɗaya ba ki ce kun gani ba. To a nan ciwon yake. Na daɗe ina duba irin wannan aikin kafin in ajiye alli, kuma duk gurup ɗin da bai san wanda yake yi wa kayan ba, gardama ce take cinye masa lokaci, domin ba abin da zai raba ta. Mai son PowerPoint yana da ra'ayinsa, ke ma kina da naki, waye zai ce wa wani ya yi kuskure?

Na tabbata an karanta muku tsarin ADDIE a aji, wanda aka fito da shi a Jami'ar Jihar Florida a 1975 domin horas da sojojin Amurka: a yi nazari, a tsara, a haɗa kayan, a yi amfani da su, a auna. Ɗalibai suna haddace shi tsaf saboda jarrabawa, sannan in aka ba su aiki na gaske sai su tsallake na ɗaya da na biyu su faɗa na uku, domin shi ne mai daɗi, shi ne ake gani a ido. Haka kuka yi.

Saboda haka Asabar ɗin nan ku fita. Ba sai kun yi nisa ba, kowace kwaleji a ƙasar nan akwai ƙauye a bayanta, kuma ba za a rasa wanda babansa ko kawunsa ke noman wake a cikinku ba. Ku zauna da manoma biyar ko shida, a ciki har da mata, domin a gidaje da yawa su ne masu kula da abin da aka ajiye. Ku tambaye su yadda suke ajiye wake yanzu, wata nawa yake yi kafin ƙwaro ya huda shi, wane magani suke zubawa, ko sun taɓa ganin buhun, ko sun taɓa saya bai yi musu aiki ba. Wannan ta ƙarshen ku saurare ta sosai. Ku lura kuma da wanda ke karanta boko, da mai karanta ajami, da wanda ba ya karanta ko ɗaya, da irin wayar da ke hannunsu. Daga nan ku nemi malamin gona na yankin, don shi ne zai riƙe kayan naku ya koyar da su, ba ku ba. In kuna kusa da Zariya, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello aikinta ke nan, shirya wa malaman gona ƙasidu da shirye-shiryen rediyo, ku je ku ga yadda suke yi. In Kano kuke, ku leƙa kasuwar Dawanau ku ji ta bakin 'yan wake, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, na da tasha a garin da ta daɗe tana bincike a kan wake.

In kun dawo, kafin kowa ya taɓa kwamfuta, ku rubuta jimla ɗaya. Wani masanin koyarwa, Robert Mager, ya nuna tun 1962 cewa manufar darasi ta ƙwarai sai ta faɗi abu uku: abin da mai koyo zai yi, da halin da zai yi shi a ciki, da yadda za a san ya yi daidai. "Manoma za su fahimci muhimmancin adana wake" ba manufa ba ce, domin ba wanda ya taɓa ganin fahimta da idonsa. Ga irin wadda nake nufi: in aka ba manomi buhun PICS da busasshen wake da igiya, zai duba ledojin ko sun huje, ya cika, ya matse iska, ya ɗaure kowane hawa daban, ba tare da an taya shi ba. Ki karanta wannan jimlar a gaban ɗan'uwanku mai PowerPoint, sannan ki tambaye shi inda za a jona majigin a ƙarƙashin bishiyar kuka. Ba sai kun yi faɗa ba.

Jimlar da kanta za ta gaya muku kayan da za ku yi. Na farko buhun kansa, na gaske, da kwano biyu uku na wake, domin aikin hannu ne, da hannu ake koyonsa. Sai manyan hotuna a kan kwali, hoto ɗaya mataki ɗaya, da rubutun Hausa kaɗan a ƙasa. Sai jagorar malamin gona, shafi uku ko huɗu kacal, mai cewa yi kaza, tambaye su kaza, yanzu miƙa wa ɗayansu buhun ya gwada. In da hali, ku ƙara saƙon murya na minti biyu da za a riƙa turawa ta waya.

Abin da zai shiga ciki ma ba shi da yawa. Buhun hawa uku ne, ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, daga binciken da aka faro a arewacin Kamaru, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba magani a jikinsa. Ƙwarin da ke cikin waken su ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, in ta ƙare su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Wannan dalilin shi kaɗai ya cancanci ku tsaya a kansa, domin manomin da ya gane shi ba sai an ce masa kada ya riƙa buɗe buhu kullum yana ɗiba ba, ko ya ajiye shi inda ɓera zai huda ba. Sai busar da wake sosai kafin a zuba, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango. Tarihin wake da sunan ƙwaro da Latin da 'yan'uwanki suka kwaso, ku cire su, ko ku ajiye wa rahoton lakcara. Abu ɗaya daga waje da zan bari shi ne wannan: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Manomi ya san abin da yake zubawa, kuma ya san 'ya'yansa na ci daga ciki.

Yanzu maganar mutanenki. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya buga sakamakon wani gwaji a 1913: ya sa mutane jan igiya, ya ga cewa idan sun kai takwas, kowannensu kusan rabin ƙarfin da yake sawa shi kaɗai yake sawa. Ba lallai mugunta ba ce. In ba a iya gane hannun kowa a cikin aiki, jiki yakan yi sanyi. Maganin shi ne kowa ya riƙe abu guda mai suna, wanda in bai zo ba kowa zai ga gurbinsa. Wane ne mai haɗa mu da manoma da malamin gona. Wance ce mai rubuta jagora. Mai PowerPoint, tunda yana da ido a kan ƙawa, ku ba shi hotuna da tsara kwalayen, za ki sha mamakin yadda zai riƙe su. Mai murya ya ɗauki saƙon waya. Wani ya riƙe kuɗin karo-karo da sayen buhu da kwali da maka. Wani ya rubuta rahoto. Ke kuma, tunda abin ya fi damunki, ki riƙe kalanda, ki daina yi wa kowa aikinsa.

Su biyun da suka yi shiru, ki bar rubutu a gurup, ki same su ido da ido bayan lacca. Wani ba shi da kuɗin data, wani yana ɗinki ko acaɓa da yamma don ya biya kuɗin makaranta, wani kuma kunya ce ta riƙe shi don yana ganin Turancinsa bai kai ba. Irin wannan na ƙarshen sau da yawa shi ya fi kowa iya zama da manoma. Ki ba kowannensu aiki ɗaya da ranar kawowa. Duk zama ku rubuta waɗanda suka zo da abin da kowa ya ɗauka, a sa hannu. In rana ta wuce har sau biyu ba labari, to lokacin ne za ki je wajen lakcara, da takarda a hannu, ki nemi ya yarda a maƙala shafin da ke nuna aikin kowa a bayan rahoton. Yawancin malamai suna yarda, don su ma sun san halin aikin gurup.

Ki ware sati na biyar gaba ɗaya don gwaji, ko da hotunan ba su gama kyau ba. Masana tsara koyarwa Dick da Carey, a littafinsu na 1978, sun ce a fara da mutum ɗaya-ɗaya, kamar uku, kafin a tara ƙaramin rukuni. Ku miƙa wa manomi kwalin ku ce ya faɗa muku abin da ya gani, ku kuma ku kame bakinku. Nan ne wahalar, domin da zarar ya yi jim, wani a cikinku zai yi caraf ya ce "a'a Baba, wannan ai igiya ce". Ku hana shi. In Baba ya ga maciji, to hoton ne ba daidai ba, a sake shi. Sannan ku ba shi buhun ya ɗaure, ku ga ko zai haɗa ledojin biyu ya ɗaure su tare, don wannan kuskure ne. Abin da kuka gani da abin da kuka canza saboda shi, ku rubuta a rahoto. Ni dai lokacin da nake ba da maki, wannan shafin nake fara nema, kuma gurup kaɗan ne ke da shi. Allah ya ba da sa'a, ki rubuto mana yadda ta kaya.

TAMBAYA: Malam, mu namu kayan na koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari ne. Lakcara da Turanci zai duba, matan kuma Hausa suke ji, wasu ajami kawai suke karantawa. Da wanne za mu rubuta? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, abu biyu ne kuka haɗa. Rahoton da za ku miƙa na lakcara ne, ku yi shi da Turanci. Abin da za a riƙe a gaban iyayenmu mata nasu ne, ku yi shi da Hausa tun daga farko, kada ku rubuta Turanci sannan ku juya, don zai fito da ƙamshin Turancin. Ku sa boko da ajami a ƙarƙashin kowane hoto, amma ku nemi malamin allo mai kyan hannu ya rubuta ajamin, wani daban kuma ya karanta muku da ƙarfi ku ji ko abin da kuke nufi ya fito. Sai ku maƙala fassarar Turanci a bayan rahoton. Kuma tunda maganar lafiyar yara ce, kada ku ɗauko awon gishiri da sukari da ruwa daga intanet. Ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ma'aikaciyar lafiya ta nuna muku awon da ake koyarwa yanzu da irin cokali da kwalbar da ake amfani da su, ta kuma duba kwalayenku kafin kowace uwa ta gani.