Tambaya da Amsa: Za mu je kallon magangarar ruwa, ƙanena ya ce sai ya yi iyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Mu bakwai ne muka shirya fita ƙarshen wata mu je kallon wata magangarar ruwa a ƙauye, ni da ƙawayena biyu da ƙanena da yayata da yaranta biyu, ƙaramar shekararta 8. An ce daga inda mota ke tsayawa tafiyar kilomita 3 ce a ƙasa. Ni dai ban taɓa irin wannan tafiyar ba, ga shi ƙanen nawa tun yanzu yana ta cika baki wai sai ya yi iyo a gindin ruwan kuma sai ya hau can sama an ɗauke shi hoto, Mama kuwa ta ce in dai haka ne babu inda za mu. Me za mu ɗauka, yaushe ya kamata mu tashi, kuma shi wannan yaron wa ke da gaskiya tsakaninsa da Mama? Daga wata mai bibiyar shafinku.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mama ce ke da gaskiya, bari in fara da wannan dan kar ya ɓace a cikin surutu, amma hakan ba ya nufin a fasa tafiyar.

Tafiyar kanta ba wani abin tashin hankali ba ce. Akwai wani lissafi da masu hawan tsauni ke amfani da shi tun 1892, wani mutumin Sikotland mai suna William Naismith ne ya fito da shi, ya ce a ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. To kin ga kilomita 3 ɗinku bai kai minti 40 ba kenan a takarda, in da ɗan hawa a ƙara kwata. Amma shi Naismith da ƙarti majiya ƙarfi yake magana, ba da yarinya 'yar shekara 8 da za ta tsaya kallon kowane malam-buɗe-littafi ba, ba kuma da ƙawayenki da za su tsaya selfi duk bayan taku ashirin ba. Ku ɗauka awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa. Kuma ki tuna magangarar ruwa yawanci a kwari take, wato zuwa gangara ne, dawowa kuma hawa, lokacin da kowa ya gaji ruwan gora ya ƙare. Ku yi sammako, sannan tun a mota ku yanke ƙarfe nawa za ku juyo, in lokacin ya yi a juyo ko da an ce saura ƙiris a kai.

Kaya kuwa ba yawa. Takalmi shi ne babba, kambas mai kaushin ƙasa wanda aka saba sawa, ba sabo fil ba dan zai yi miki kanta, silifas kuma a bar shi gida. Ruwan sha kowa da nasa, lita ɗaya da rabi ko biyu, ɗan abin taɓawa, hula, tocila ko da kuna ganin da rana za ku dawo, filasta da bandeji, leda ta saka waya da wata ledar ta kwaso shararku. Jakar goyo ta fi ta hannu saboda hannuwanki biyu za ki buƙata a kan duwatsu. Netwok yakan ɗauke a kwari, saboda haka ki sauke taswirar wurin a waya tun kina gida, kuma ki faɗa wa Mama lokacin da za ta sa ran ganinku. In akwai mutanen wurin da ke yi wa baƙi jagora ku ɗauki ɗaya, ɗan gari shi ya san dutsen da ke motsi.

Yanzu ga maganar ƙanenki, kuma dan Allah ki miƙa masa wayar ya karanta da kansa.

Samari, gindin magangara ba irin kogin da ka saba ba ne. Ruwan da ke faɗowa daga sama yana nutsawa can ƙasa da ƙarfi, ya taso, sai wani sashensa ya juyo baya zuwa inda ya faɗo, haka yake ta juyi kamar ana gaurayawa a turmi, duk abin da ya shiga wannan juyin sai ya yi ta kai shi yana dawo da shi. Sannan farin kumfan nan da ke ba ka sha'awa a hoto iska ce cike a cikin ruwan, kuma ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaukar jikin mutum yadda ruwa tsantsa ke ɗauka, za ka yi ta bugu da hannu da ƙafa kana jin kamar babu abin da kake turawa. Ga kogo a ƙarƙashin dutsen inda ruwa ya rarake, ga kututtukan itace da suka maƙale a ƙasa ba ka ganinsu, ga sanyin ruwan da kan sa numfashi ya sarƙe a daƙiƙun farko. Iya iyo ba ya maganin ko ɗaya a cikin waɗannan.

Hawa sama ma ya fi ba ni tsoro wallahi. Daga ƙasa sai ka ga ai ruwan can bakin bai wuce idon sawu ba, to ruwa mai gudu da zurfinsa bai fi santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma ka riƙe wannan a ranka, ruwa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa tan guda ne cur. Dutsen bakin kuma shekaru dubbai ruwa na goge shi ya yi sumul, ga gansakuka a kai, wani lokacin ma ba kore ba ce, siririya ce baƙa-baƙa da za ka rantse jiƙa ce kawai. Ni da kaina na taɓa taka irinta, ba ma a sama ba, a ƙasa a wuri shimfiɗaɗɗe ina ƙoƙarin matsawa in samu hoto mai kyau, ban san lokacin da na ji ni a zaune ba, waya ta tafi, ƙugu kuma sai da ya yi wata biyu yana tuna mini. Da a bakin gangaren ne da wani ne ke rubuta muku wannan shafin yau.

In wasan ruwa ake so a matsa can ƙasa nesa da inda yake zuba, inda ake ganin ƙasan ruwan, a tambayi mutanen wurin tukuna, yara kuma hannunsu a hannun babba. Ko nan ɗin ma a ƙasashe masu zafi a kula da gefen da ruwa ya kwanta ciyawa ta fito, dan a nan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya yake zama, kuma ta fata take shiga ba sai an sha ba. Shan ruwan kuwa a'a, komai garai-garai ɗinsa, ba ki san me ya mutu ko me aka zubar a sama ba.

Abu na ƙarshe, ƙanwata, shi mutane suka fi rainawa. Sama tana iya zama tas a kanku alhali ana tafka ruwa a tsaunukan da kogin ya fito, kilomita da yawa daga inda kuke, kuma duk ruwan nan ta wurinku zai bi. In kika ga ruwan ya fara sauya launi ya koma ja ko ruwan ƙasa, ko ganyaye da karare sun fara zuwa da yawa, ko ƙarar ta ƙaru, ko dutsen da kika ajiye jaka a kai ɗazu yanzu ruwa na lasarsa, to a tattara yara a hau tudu ta gefe nan take, ba a bin kwarin da gudu, ba a komawa ɗauko takalmi. Haka in an yi walƙiya ki ƙirga, kowane daƙiƙa 3 kafin ki ji tsawa kusan kilomita ɗaya ne, in ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba ku bar bakin ruwa.

TAMBAYA: Malam ni fa an yaudare ni. Na ga bidiyon wani wuri a Facebook ruwa na zuba kamar me, na sha wahala na je sai na tarar da ɗan tsiyaye kamar famfon da ya lalace. Ko haɗa bidiyon aka yi? Daga wani ɗan'uwanku.

AMSA: Haha, sannu ɗan'uwa, babu wanda ya haɗa komai, lokaci ka kuskure. Magangara kogi ce, in kogi ya ja baya da rani ita ma sai ta rame. Ko Biktoriya da ke kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai faɗin sama da mita 1,700, wajen watan Oktoba da Nuwamba wani ɓangarenta dutse ne tsirara, amma wajen Afrilu feshin ruwan kan yi yawan da ba ka ma ganin gangaren sosai sai dai ka jiƙe sharkaf, shi ya sa mutanen wurin ke kiranta Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Ni a ganina lokacin da ya fi shi ne makonnin farko bayan ɗaukewar damina, ruwa na nan da ƙarfinsa, ya fara washewa, hanya kuma ta bushe. Wani karon ka duba ranar da aka ɗauki bidiyon kafin ka ɗaura takalmi.

TAMBAYA: Malam ina aji biyar a sakandare. Me ke sa kogi yana tafiyarsa kawai sai ya faɗa ƙasa? Kuma wacce ta fi girma a duniya?

AMSA: Yawwa ɗana, tambaya mai kyau. Hanyar da aka fi gani ita ce kogi ya bi ta kan dutse mai tauri wanda ke zaune a kan mai taushi. Ruwa ya fi saurin cin mai taushin, sai a samu ɗan tudu, ruwan da ke faɗowa ya yi ta haƙa gurbi yana rarake ƙarƙashin mai taurin har wata rana leɓen ya rasa abin da ya riƙe shi ya karye. A sake farawa. Ma'ana magangara ja da baya take yi a hankali tana barin kwazazzabo a gabanta, Nayagara da ke iyakar Amurka da Kanada ta ja baya kusan kilomita 11 a cikin shekara wajen 12,000. Wasu kuma tsagewar ƙasa ce ta haife su, wasu ƙanƙarar zamanin da ce ta yanke kwarin.

Girma kuwa sai ka ce wane iri. In tsawo ne, Anjel ta ƙasar Benezuwela ce, mita 979. Biktoriya mita 108 ce kawai amma faɗinta ya sa ake lissafa ta a gaba, Nayagara ko mita 60 ba ta kai ba, yawan ruwan da take zubarwa ne ya yi mata suna.

TAMBAYA: Yaya ake samun bakan gizo a hoto? Na je sau biyu ban gani ba.

AMSA: Ki juya wa rana baya ki fuskanci feshin ruwan, kuma sai rana tana ƙasa-ƙasa, da hantsi ko bayan la'asar, dan in ta haura digiri 42 a sama bakan yakan faɗa ƙasa da inda idonki ke kallo. Ki riƙa goge gilashin kyamarar duk bayan hoto biyu, feshin ne ke sa hotunanki fitowa dishi-dishi, kuma ki tsaya cak kafin ki ɗaga wayar, kar ki riƙa ja da baya ido na kan sikirin.