Tambaya da Amsa: Ƙofa 443 Ta Ƙi Buɗuwa

Tambaya: Malam, ina kula da kwamfutocin wani ofishi a Sabon Garin Zariya. Zan kwashe tsohuwar sabarmu zuwa ESXi (tsarin VMware mai gudanar da sabobi da yawa a na'ura ɗaya) da manhajar VMware Converter, amma wajen girkawa sai ta ce wai ƙofa 443 (port, wato lambar mashigar sadarwa) na hannun wata manhaja. Kwana biyu ina fama. Ƙaninka, Sani.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam Sani. Ni ma wannan matsala ta taɓa kai ni har magariba a wani ofishi a Samaru, janareta na ta shan mai. Manhaja biyu ba sa zama a ƙofa ɗaya, wadda ta riga ita ke riƙe ta.

Buɗe cmd, wato wurin rubuta umarni na Windows, ka rubuta netstat -ano | findstr :443. Lambar da ke ƙarshen layi ita ce PID, wato lambar shaidar manhajar da ta riƙe ƙofar, ka neme ta a Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki. In ka ga 4, galibi IIS, mai ɗaukar shafukan yanar gizo a Windows, shi ne ya tare wurin. Kada ka kashe shi da gaggawa, wataƙila shafin ofishinku a kansa yake. Gara ka sake girka Converter ka ba ta ƙofa 8443 a maimakon 443.

Sannan ka tabbata ƙofa 9089 a buɗe take a tsohuwar sabar, 902 kuma wajen ESXi.