Tambaya da Amsa: Bindiga Mai Ɗana Kanta don Gadin Gona

Tambaya: Malam, ina zaune a Aboabo, Kumasi, ina da gonar kaji a hanyar Offinso. Ɓarayi sun dame ni. An ba ni shawarar in nemi raifil mai ɗana kanta maimakon mai baki ɗaya (bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin gubar). Damuwata yara: ina da ƙanana uku a gida. Mai sayarwa ya ce in dai na zare gidan harsashi, ba komai.

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare. Amfanin mai ɗana kanta a fili yake: kowane jan kunama harsashi ɗaya, ita ce ke fitar da kwanso ta ɗora wani da ƙarfin harbin farko, kuma ba ta dukan kafaɗa sosai. Aibinta kuwa, ba ta son datti. Ƙurar hunturu da toka da ke taruwa a ciki kan sa kwanso ya maƙale, danshin damina a Kumasi kuma tsatsa yake kawowa. Sannan harsashin raifil na tafiya nesa. Ko ƙaramin harsashi mai lamba .22 yakan wuce kilomita ɗaya da rabi, alhali gonarka tana da maƙwabta. A ganina wannan kaɗai ya isa ka tsaya kan mai baki ɗaya.

Amma maganar mai sayarwa ce ta tayar mini da hankali, don ita ke kashe mutane. Zare gidan harsashi BA YA kwashe bindiga. Da zarar an ɗana ta, ko an yi harbi ɗaya, harsashi ya riga ya shige gindin bututu yana jira. Ka zare gidan, ka sa a aljihu, wancan yana nan, kuma yawancin irin waɗannan bindigogi za su tashi idan yaro ya taɓa kunama.

Tsarin kwashe ta ma yana da gaba da baya. Ka juya bakinta inda babu mutum, yatsa nesa da kunama. Ka zare gidan harsashi tukuna, sannan ka ja sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu) baya har na ciki ya faɗo, ka bar ta a buɗe, ka leƙa da ido, ka taɓa da yatsa. Wanda ya fara jan sakata kafin ya zare gidan, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora sabo da hannunsa, sannan ya miƙa wa wani yana cewa "babu komai a ciki". Ƙugiyar da ke ciro harsashi kuma takan gaji ta kasa kamawa, shi ya sa jan sakata kaɗai ba hujja ba ne. Makullin kunama ma ƙarfe ne, yana lalacewa. Duk dillalin da bai san wannan ba, bai cancanci ya riƙe bindiga ba, balle ya sayar.

Batun takarda: lasisi daga 'yan sandan Ghana yake fitowa, ana sabunta shi duk shekara, kuma riƙe bindiga ba izini babban laifi ne a dokar laifuka ta 1960. Zirga-zirgar ofis na gajiyarwa, gaskiya ne, amma kada ka ba kowa kuɗi kafin su faɗa maka nau'in da za su amince maka.

Kowace ka samu, ta kwana a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai a wani akwatin daban, mabuɗan biyu a jikinka.