Sabis Yana Kashe Mini Ciniki, In Taɓa Jari In Sayi Starlink?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Ina saro atamfa da leshi da mayafai daga Kantin Kwari, ina sayarwa daga gida ta WhatsApp da Instagram. Jarina ya kai wajen naira 900,000, ribata a turmi ba ta wuce 2,000. Damuwata sabis. Akwai rauta, na'urar nan mai raba intanet, a gidan, duk wata ina saka mata datar 20,000, amma da an yi magariba sai bidiyon kaya ya yi ta juyawa ya ƙi hawa. Makon jiya wata mai saye daga Daura ta ce in nuna mata leshi ta kiran bidiyo, sau uku yana yankewa, ta ce in bari sai wani lokaci, har yau shiru. Ƙanena ya ce in ciri kuɗi a jari in sayi Starlink in huta. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a nema. Kada ki taɓa jarin nan tukuna. Ba wai Starlink, wato intanet ɗin da ake kamowa da kwano daga tauraron ɗan Adam, ba shi da kyau ba ne, ƙanenki bai yi ƙarya ba. Abin da ya sa na ce ki dakata shi ne har yanzu ba ki san inda ciwon yake ba, kuma maganin da ake so ki saya ya fi ƙarfin sana'ar a yadda take yau.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne fagena. Starlink ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ma ƙasar farko da ya fara aiki a Afirka. Ana sayen kwanon da rautarsa, kuɗinsu dubban ɗaruruwa ne, sannan a riƙa biyan kuɗin wata, wanda an sauya shi fiye da sau ɗaya tun zuwansa. A jari irin naki, kuɗin kayan kaɗai zai kwashe kaso mai tsoka, wato atamfar da za ki nuna wa mutane ita za ta ragu. Sai a wayi gari ga sabis kamar walƙiya, ga durowa ta yi sauƙi. Mu ɗauka kuɗin wata zai ƙaru miki da naira 40,000 a kan abin da kike biya yanzu. A ribar 2,000, sai kin sayar da ƙarin turmi 20 duk wata kafin ki dawo inda kike tsaye yau, ba a ma fara maganar mayar da kuɗin kwanon ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: rashin sabis yana sa ki asarar turmi 20 a wata? In amsar turmi huɗu ce ko biyar, to asararki ba ta wuce 10,000, kuma ba a kashe dubu arba'in don a ceto dubu goma.

Ga kuma abin da masu talla ba sa cika faɗa. Kwanon nan, in ba ƙaramin samfurin ba, yana cin wuta tsakanin watt 50 zuwa 100 gwargwadon samfurinsa, dare da rana in dai yana kunne. In ba ki da sola mai batir, duk lokacin da aka ɗauke wuta shi ma ya tafi.

Saboda haka aikin farko na kwana bakwai ne, kuma ba zai ci miki ko sisi ba sai 'yar data kaɗan. Ki buɗe fast.com a wayarki ko ki sauke manhajar Speedtest. Za ki ga lamba biyu na gudun intanet, ta saukewa da ta turawa, ana auna su da Mbps (a fast.com sai kin danna "Show more info" ta turawa take fitowa). Yawancin mutane ta saukewa suke kallo, domin su kallo suke yi. Ke kuwa mai turawa ce, hoto da bidiyo kike fitarwa, don haka lamba ta biyu ita ce taki. Bidiyo mai nauyin MB 30 zai ɗauki minti 4 in gudun turawarki Mbps 1 ne, amma daƙiƙa 30 kacal in ya kai Mbps 8. Kiran bidiyo shi ba ya neman gudu mai yawa, in kina samun 2 ko 3 na turawa a tsaye ba tangal-tangal, ya wadatar. Ki gwada bayan asuba, ki gwada da azahar, ki gwada bayan isha'i. Kowane lokaci sau biyu, ɗaya a tsaye kusa da rautar, ɗaya a ɗakin da kike zama da kayan. Ki rubuta a bayan littafin bashi.

Littafin nan shi zai yi magana. In kusa da rauta lamba ta yi kyau amma a ɗaki ta faɗi, kamfani ba shi da laifi, gidan ne. Kuma daga abin da nake gani, nan matsalar take fi yawa.

Akwai wani tela mai ɗinkin mata da na taɓa kai wa ziyara a cikin gari, yana ta kukan sabis har ya sauya layi sau biyu. Na ce ina rautar? Ya nuna mini durowar talabijin. Tana ciki, a ƙasa, bayan gilashi, an jingina ta da dikoda, uwargida ta lulluɓe ta da ɗan kyallen leshi saboda ƙura. Na taɓa ta, zafi kamar an sauke ta daga kan murhu, ga shi watan Afrilu ne. Muka ciro ta, muka jawo waya, muka ɗora ta saman wadirof kusa da tagar da ke kallon titi. Sandunan sabis suka tashi daga biyu zuwa huɗu muna tsaye. Sai na ce ya buɗe shafin rautar mu ga masu hawa. Wayoyi goma sha bakwai. Mutanen gidan su shida ne. Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi yaran majalisar ƙofar gida ne, sau ɗaya na ba ɗayansu lambar."

Rautar da ke aiki da sim tana da aiki biyu: ta kamo sabis daga ƙarfen sabis na unguwa, ta kuma watsa shi cikin gida ta waifai. Bangon siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe duk suna rage ƙarfin duka biyun. Ki ɗaga ta sama, kusa da taga, a inda iska ke ratsawa amma rana ba ta dukanta. Ki zagaya tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya da ita, domin ba ki san ta wane ɓangare ƙarfen yake ba sai kin gwada. In rautarki tana nuna suna biyu, ɗaya da "5G" a ƙarshensa, kada ya ruɗe ki, a yawancin rautoci wannan ba layin 5G na kamfanoni ba ne, zangon waifai ne na 5GHz. Ya fi gudu amma ba ya iya ratsa bango da kyau. Ɗayan, na 2.4GHz, ya fi nisa. Kusa da rauta ki hau na farko, a ɗakin ciki ki hau na biyu.

Sannan ki sauya lambar sirri yau ɗin nan. Na san abin da nauyi, maƙwabtaka ce, za a ce Hajiya ta yi rowa. Amma da shago ne kike haya a Babbar Kasuwa, ba za ki bar kowa ya shigo ya shimfiɗa tabarma a gaban kanta ba. Layin nan shi ne shagonki. Har a cikin gida ma, in yara suna kan TikTok da YouTube a daidai lokacin da kike kiran mai saye, da su kike rabon hanya. Shawarata a raba gari: datar gida daban, maigida ya ji da ita in da hali, datar sana'a daban, a rubuta ta cikin kuɗin gudanarwa tare da kuɗin mota da leda. Muddin suna haɗe ba za ki taɓa sanin ainihin ribarki ba. Dubu ashirin ɗin nan da kike saka wa gida duka, ribar turmi goma ce fa.

Ita ma wayar a duba ta. A WhatsApp ki kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, musamman na zaurukan 'yan Kwari da ke zubo kaya ɗari-ɗari. Ki hana Play Store sabunta manhajoji da kansa. In Google Photos yana kwashe hotunanki yana ajiyewa, ki sani hanyar turawa ɗaya yake bi da bidiyonki, sai su yi ta cunkoso.

To, in kuma littafin ya nuna da safe lamba lafiya lau, sandunan sabis a cike, amma bayan magariba ta rushe ko'ina a gidan, wannan cunkoso ne a kan ƙarfen unguwarku. Kowa ya dawo gida, kowa ya kama waya, ana rabon abu ɗaya. Sabuwar rauta ba za ta gyara wannan ba, ko nawa aka sayar miki da ita. Abin da ke gyara shi biyu ne. Na farko ki sauya lokacin aiki: ki ɗauki bidiyon kaya da hantsi, lokacin ma haske ya fi fito da launin leshi, ki ɗora shi da safe ko bayan asuba. Hoton da ya hau status yana nan har awa 24, masu kallon dare za su same shi. Kiran bidiyo kuma ki riƙa ba masu saye lokaci, "Hajiya, gobe da sha ɗaya zan kira ki ki gani da kyau."

Na biyu, wani kamfanin. Kada ki tambayi mutumin Layout ko na Ƙofar Soro wane layi ya fi, amsarsa ta unguwarsa ce, wani lokacin ma layin da ke tashi a gidan maƙwabci a naki ba ya motsi. Ba sai kin sayi sim ba kafin ki sani. Duk wanda ya shigo gidan da MTN ko Airtel ko Glo, ki roƙe shi ya gwada miki a ɗakin kayan bayan isha'i. Wanda ya yi nasara kwana uku a jere, shi za ki saya, ki tafi da lambar NIN ɗinki wajen rajista. Ki fara da datar mako ɗaya, kada ki zuba ta wata. Ki kuma duba ko rautarki a kulle take da kamfani ɗaya, domin yawancin waɗanda kamfanoni ke sayarwa da araha sim ɗinsu kawai suke karɓa. In haka ne, ƙaramar rautar aljihu da ake ce wa MiFi ko ma tsohuwar waya mai 4G da za ki kunna wa hotspot ta isa. Kada wani ya sayar miki da rautar 5G mai tsada sai ya kawo ta gidan kin ga 5G ɗin ya kama da idonki.

Kuma ba na cewa ki jefar da tsohon layin. Ki riƙe biyu. Mu a jihar nan mun ga darasi a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda tsaro, masu sana'a ta waya suka riƙa tafiya wani gari don tura saƙo. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka jigata. Irin waɗannan manyan ba kullum suke zuwa ba, kuma layi biyu ba ya maganin dukkansu. Amma na yau da gobe, a yanke waya wajen aikin titi ko injin ƙarfen sabis ya tsaya, ba lallai ya shafi duk kamfanonin lokaci ɗaya ba. Layi biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi wa ɗan kasuwa layi ɗaya mai tsada. Ki haddace lambar USSD ta bankinki ma, ba ta buƙatar data, da ita za ki tabbatar kuɗi sun shigo kafin ki kai kaya tasha. Kada ki yarda da hoton rasit kawai don sabis ya hana ki buɗe manhajar banki, ta nan ake cutar mutane.

Akwai wata alamar da nake so ki lura da ita. In sabis yana kyau farkon wata sannan ya mutu murus bayan kwana goma sha biyar ko ashirin, ki karanta sharaɗin datar da kike saya. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa ba su da iyaka suna da ita: in kin kai wani adadi sai a rage miki gudu har wata ya ƙare. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kamfanoni sun sake fasalin tsare-tsarensu, abin da kika sani a da ba lallai shi ne yanzu ba. Ki danna *312# ki ga tsare-tsaren, *323# kuma ki ga abin da ya rage miki.

Abu ɗaya da zan ce ki saya ba tare da dogon tunani ba shi ne ɗan batirin rauta, wanda masu kayan waya ke ce wa ƙaramin UPS. Rauta ba ta cin wuta sosai, don haka yana riƙe ta na awanni in an ɗauke. Ki tafi da cajar rautar shagon a duba ƙarfin ya dace, yawanci volt 12 ne, a kuma gwada a gabanki.

Ranar Starlink za ta iya zuwa. In sana'ar ta kai kina sayar da kaya kai tsaye ta bidiyo kullum, kina da yara masu amsa saƙo, sola tana nan, kuma duk layukan sun gaza a gidan bayan gwaji, sai a saye shi daga riba da aka tara, kamar adashi. In ƙanenki ya ce ku saya ku riƙa sayar wa unguwa don a mayar da kuɗin, ki ce masa ya dakata, tsarin gida ba na sayarwa ba ne, kuma sayar da intanet ga jama'a yana buƙatar lasisin NCC.

In an yi duk wannan sabis bai gyaru ba, ki kira 300 daga layin, lambar kula da masu hulɗa ce a duk kamfanonin. Ki faɗa musu unguwa da lokacin da abin ke faruwa da lambobin da kika rubuta, ki kuma karɓi lambar ƙorafi ki adana. In sun yi shiru, ki kira NCC a 622, kyauta ne, lambar ƙorafin nan za su fara tambayarki.

Ita kuwa mai sayen Daura, kada ki jira ta. Gobe da hantsi ki shimfiɗa leshin a tsakar gida, ki ɗauki bidiyon daƙiƙa ashirin kina juya shi a hannu, ki tura mata da ban haƙuri, ki ce kuɗin mota zuwa Daura a kanki.