Tambaya da Amsa: Me ya haɗa masunci da danne-danne a tsakiyar teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Wani shiri na gani a talabijin kan masu kamun lobsta a Niyu Zilan, mutum yana cikin jirgi ruwa na ta dukan shi amma hankalinshi na kan wata 'yar kwamfutar hannu, wai sai ya sanar da gwamnati abin da ya kama tun bai dawo gaɓa ba. Abin ya ɗaure min kai gaskiya. Rashin yarda ne ko haraji suke bi? Kuma in ya rubuta ƙarya wa zai sani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, aiki da godiya. Ba maganar haraji ba ce, rashin yarda kam akwai ɗan kaɗan, amma tushen abin kaso ne. Lobsta ɗin nan, ƙaton jatan landen teku mai zama cikin duwatsu, kuɗi ne sosai a wajensu don yawancinsa da rai ake loda shi a jirgin sama a kai ƙasar Sin. Tun 1986 Niyu Zilan ta fito da tsarin raba kason kifi, a 1990 aka saka lobsta ciki, aka yanka tekun yanki-yanki ana ce musu CRA 1, CRA 2 har zuwa gaba, kowane yanki da iya nauyin da za a cire a shekara, shekarar kuma daga 1 ga Afrilu take farawa. In ka wuce kasonka ba ka sayi ƙari a hannun wani ba, kuɗi mai zafi za ka biya kan kowane kilo.

Da can takarda ake cikewa a aika wata-wata, ka ga kafin ta iso ofis a shigar da ita ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, kuma takardar babban yanki kawai take nunawa ba takamaiman wurin ba. A 2017 aka yi sabuwar doka, manyan jiragen jan raga suka fara, cikin 2019 aka bi sauran masunta 'yan kasuwa rukuni-rukuni har masu lobsta. Yanzu mutum zai danna ya ce na fita, ya shigar da inda ya ɗaga tarkunansa da adadinsu da kiyasin nauyin da ya samu, abin da ya mayar ruwa shi ma ya faɗa, in tsuntsun teku ko wata dabba da doka ta kare ta faɗa cikin tarkonsa wannan rahotonsa daban, ya sauke kaya a gaɓa ya sake wani rahoton, sannan ga wata na'ura a jirgin da ke aika inda yake ko bai taɓa ta ba.

Kuma duk wannan a kan aikin hannu ne fa. Kejin, wato tarkon, na fitowa zai juya kowane lobsta ya duba ƙarƙashin jela, macen da ke ɗauke da ƙwai ta koma ruwa, mai laushin ɓawo ya koma, sauran a sa ma'auni a faɗin jelar, a yawancin yankuna namiji milimita 54 mace 60, wanda bai kai ba sai wani jiƙon.

Ni a ganina babban amfanin ba kama ɓarawo ba ne. Masu bincike kilo nawa ake samu a ɗaga tarko ɗaya suke kallo, in ya yi ta sauka shekara bayan shekara sun san lobsta na ƙarewa a ƙasa ko da jimillar kamun ba ta nuna ba, tunda masunci zai iya ƙara tarkuna ya cike kasonsa. Haka ta faru a CRA 2, wajen mashigin Hauraki kusa da Okland, a 2018 sai da aka zaftare kason 'yan kasuwa daga tan 200 zuwa 80, ka ga irin wannan gara a hango shi da wuri.

Batun ƙarya kuwa, na'urar ba ta auna komai, abin da yatsa ya danna shi take aikawa. Sai dai mai sayen kayan a gaɓa dole yana da lasisi kuma shi ma yana kai nasa lissafin, in naka da nashi suka sha bamban, ko ka ce a nan ka yi su alhali jirginka can aka gan shi, jami'an Fisheries New Zealand, hukumar kula da kamun kifi ta ƙasar, za su neme ka. Mai ɓoye buhu ya sayar ta bayan fage dai har yanzu sai an kama shi ido da ido.

Masuntan ma ba duka suka yi murna ba, na'urar da kuɗin aika saƙon daga aljihunsu ne, ga fargabar kar a san ramin da mutum ya yi shekaru yana ɓoyo. Inda babu sabis manhajar na ajiye bayanin sai an samu ta tura, wasu kuma ta tauraron ɗan'adam suke aikawa, in ta lalace gaba ɗaya sai ka sanar da hukuma ta faɗa maka yadda za ka yi.